Canjin ƙashin ƙugu: wanne ƙarfe ne bai cika gocewa ba, wanne kuma ya dace da mai zaman tabarma

Cikin shekara biyu mutum biyu aka canja ma ƙashin ƙugu a gidanmu, kuma ni na yi zaman jinyar dukansu, shi yasa yanzu duk wanda likita yace masa sai an canja, a dangi ko a unguwa, sai a turo shi wurina. Ni ba likita bane, na dai zauna a bencin ƙofar tiyata har sau uku, na yi ta tambaya, na karanta abinda na iya karantawa, kuma na ga da idona yanda ƙafa take komawa idan ƙarfen ya goce. Abinda yake damuna shine mutanenmu suna zaɓen ƙarfen nan kaman yanda ake zaɓen waya, wanne ne na Jamus wanne ne mai tsada wanne ne sabon fitowa, alhali tambayar da ta kamata ita ce waye za'a sakama shi, shekarunsa nawa, yaya ƙashinsa yake, kuma wane irin zama yake yi a gidansa.

Ta farko ƙanwata ce, tana da sikila, tana shekara 27 lokacin. Kan ƙashin cinyarta ne ya mutu sabida jini ya dena isa wurin, abinda yake yawan samun masu sikila kenan, ta kai ko takalmi bata iya saka ma kanta. Na biyu Baffanmu ne, wan mahaifinmu, shekara 74, ya zame a banɗaki wuyan ƙashin cinyar ya karye. Sunan aikin ɗaya ne amma kusan komai na ciki ya bambanta, kuma daidai ne ya bambanta ɗin.

Ga wanda bai taɓa ganin abin ba, guda huɗu ne. Akwai sandar ƙarfe da ake sokawa cikin ɓargon ƙashin cinya, akwai ƙwallo da ake ɗorawa a kan sandar, akwai kofin ƙarfe da ake kafawa a ƙashin ƙugu, sai kuma shimfiɗa da ake sakawa cikin kofin wadda ƙwallon yake juyawa a kanta. Babu wani abu da ya ɗaure ƙwallon a cikin kofin, tsoka ce da jijiyoyin da ke kewaye suke riƙe shi, toh su kuma an yanka su ko an ɗaga su lokacin aiki, sai sun warke tukun. Idan ka lanƙwasa ƙafar ta wuce iyaka, wuyan sandar yana dukan bakin kofin, sai ya ɓanɓaro ƙwallon waje kaman yanda ake ɓalle marfin kwalbar lemo. Gocewa kenan.

Baffa a sati na biyar nasa ya goce. Ya ji sauƙi, ya fara takawa da sanda ɗaya, da asuba ya fito ya zauna kan 'yar kujerar tsugunnon da ya saba alwala a kanta shekara da shekaru, ya sunkuya zai wanke ƙafa ya juya gwiwar ciki, sai ihu muka ji. Ƙafar ta gajarce, ta juya ciki, ko taɓa ta baya bari ayi. A asibitin kuɗin da aka masa aikin ance mana dai kar ya harɗe ƙafa, amma wallahi babu wanda ya tambaye mu a kan me yake zama, wane irin banɗaki garemu, yaya yake sallah. Takardar da suka bamu hoton wani bature ne yana zaune kan doguwar kujera. Har yau wannan abin yana min ciwo, dan da an faɗa mana da tun kafin ya dawo gida mun ɗauke kujerar nan.

A aikin farko gocewa tana samun kaman mutum 1 zuwa 3 cikin 100, a aikin gyara kuwa wato idan an sake buɗewa an canja, tafi haka nesa ba kusa ba. Mafi yawanta cikin wata uku na farko take faruwa, kuma yawanci ta baya ƙwallon yake fita, daidai irin motsin da Baffa yayi, lanƙwasa ƙugu sosai da juya gwiwa ciki. Waɗanda suka fi shiga haɗarin sune tsofaffi masu raunin tsoka, mai ruɗewar tsufa da bazai tuna dokar da aka bashi ba, mai ciwon rawar jiki ko farfaɗiya ko shanyewar ɓarin jiki, wanda aka yi ma aikin sabida karaya ba sabida amosanin gaɓa ba, da wanda ƙashin bayansa ya sandare ko aka taɓa haɗe masa shi da ƙarfe. Wannan na ƙarshen mutane basu cika sani ba, idan lafiyayyen mutum ya zauna ƙugunsa yana ɗan kwantawa baya ya buɗe ma cinya hanya, wanda bayansa ya sandare ƙugun baya motsi, sai duk lanƙwasar ta koma kan gaɓar da aka canja. In kana da tsohon ciwon baya ka faɗa ma likitan ko bai tambaya ba.

Toh bari mu fara da girman ƙwallo tunda shi ne abu na farko da yake da alaƙa da gocewa. Likitan da ya kafa wannan aikin a yanda muka san shi yau, John Charnley na asibitin Wrightington a Ingila, a 1962 ƙwallo ƙarami ya yi amfani dashi, milimita 22, sabida ƙaramin ƙwallo yana rage ƙarfin guga kuma yana barin robar tayi kauri. Amma ƙaramin ƙwallo raminsa bashi da zurfi, ɗan tsalle kaɗan zai yi ya fito. Yanzu akwai 28, 32, 36, harda 40. Babban ƙwallo yana zama cikin rami mai zurfi, kuma ƙafa tana samun filin motsi kafin wuyan sandar ya daki bakin kofi, shi yasa 32 da 36 suka fi 28 da 22 zama lafiya. Sai dai kar kace toh a samin mafi girma kawai. Kofin yana da iyaka gwargwadon ƙashin mutum, idan ƙwallo ya girma dole shimfiɗar robar ta sirance, kuma manyan ƙwallayen ƙarfe da suka wuce 36 an gansu suna jawo tsatsa a daidai inda ƙwallo ya haɗu da wuyan sanda. Ƙanwata 'yar ƙarama ce kaman yawancin masu sikila, kofinta bai ɗauki 36 ba, 32 aka saka mata, kuma ni a ganina tsakanin 32 da 36 duk wanda ƙashinka ya ɗauka ka karɓa hankali kwance. Wanda zan tsaya in tambayi dalili shine idan akace 28 ko ƙasa da haka a kofi na gama-gari, musamman ga tsoho.

Sai wanda nafi so mutane su sani, mai motsi biyu, likitoci suna ce masa diyuwal mobiliti. Wani likita Bafaranshe Gilles Bousquet ne ya ƙirƙiro shi a garin Saint-Étienne a 1974, Faransawa sun daɗe suna amfani dashi, Amurka kuwa sai 2009 ta amince dashi. Yanda yake shine ƙaramin ƙwallo, 22 ko 28, an danna shi cikin wani babban ƙwallon roba ya maƙale, shi kuma babban yana juyawa cikin kofin ƙarfe mai santsi. Ƙwallo cikin ƙwallo kenan. Ƙananan motsi na yau da kullum ƙaramin ne yake yi, idan ƙafa ta kai iyaka sai babban ya karɓa ya juya, kaga kafin abin ya fita daga kofi sai an sha wahala. A wurin hana gocewa gaskiya ya fi kofi na gama-gari, dan haka ake zaɓarsa ga tsoho mai karaya, mai sandararren baya, mai ciwon jijiya, da aikin gyara. Da na san dashi lokacin Baffa da na tambaya.

Amma shima yana da nasa. Akwai wata gocewa da shi kaɗai yake yi, ƙaramin ƙwallon ya fice daga cikin robar, ita wannan ba'a iya jan ƙafa a mayar, sai an buɗe. A tsofaffin samfura tana zuwa ne bayan shekaru idan bakin robar ya cinye, a sababbi ta ragu sosai, sai dai tana iya faruwa idan babban ya goce aka zo ana fizgar ƙafa da ƙarfi za'a mayar, robar ta maƙale a bakin kofi ta fita daga kan ƙwallon. Wani nau'insa kuma yana da shimfiɗar ƙarfen kobal da ake sakawa cikin kofin taitaniyam, ƙarfe biyu daban suna gugar juna, ana sa ido a kan wannan ga matasa. Kuma yafi tsada. Dan haka ga mai shekara 70 da yake cikin haɗarin gocewa ni bana ko shakka, ga 'yar shekara 27 da zata ɗauki abin nan shekara arba'in ko fiye in Allah ya bata rai, sai likita ya kawo min dalili. Akwai kuma shimfiɗa mai kulle wadda take riƙe ƙwallon da zobe, wannan ba ta aikin farko bace, ta wanda ya goce sau da yawa ce kuma tsokarsa ta lalace, tana rage motsi kuma duk ƙarfin da ƙwallo zai fita dashi yana komawa kan kofin har ya iya girgiɗa shi.

Yanzu me ke gugar me. Ƙarfe a kan roba shine na asali, shi yafi araha kuma shi yafi daɗewa ana bibiyarsa. Matsalar tsohuwar roba ita ce tana cinyewa ta zama gari, jiki ya ɗauki garin a matsayin baƙo ya tashi yaƙi, a garin yaƙin ya cinye ƙashin da yake riƙe da ƙarfen har ya fara girgiɗi bayan shekara goma ko sha biyar. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka fito da robar da ake gasa ta da haske ta ƙara tauri, wadda cinyewarta ta ragu ƙwarai, kuma wannan shine tambayar da zaka yi da bakinka, robar da za'a saka min sabuwar nan ce mai tauri ko tsohuwa, dan har yanzu tsohuwar tana yawo a kasuwa sabida arha. Tangaran a kan roba, wato ƙwallon seramik a kan wannan sabuwar robar, shi aka saka ma ƙanwata kuma shi nake ganin yafi dacewa da matasa, tangaran baya karcewa da sauƙi kuma baya tsatsa a wuyan sanda. Tangaran a kan tangaran, wanda Pierre Boutin ya fara a Faransa a 1970, shi yafi kowanne rashin cinyewa, amma wasu yana musu ƙara kaman ƙyauren da ya rasa mai idan sun sunkuya ko suna tafiya, kuma ko da yake na zamanin nan da wuya ya fashe, idan ya fashe ɗin tsintar ɓarɓashinsa babban aiki ne, sannan baya yafe kuskure, in kofin ya ɗan karkace gefe ɗaya yake ci.

Ƙarfe a kan ƙarfe kuwa, wannan ka guje shi. An tallata shi sosai a shekarun 2000 da sunan babban ƙwallo baya gocewa baya cinyewa, sai gashi yana sakin garin kobal da kuromiyam yana kashe tsokar da ke kewaye yana tara ruwa da ƙulli, ƙarfen yana shiga jini. A watan Agusta 2010 kamfanin DePuy ya janye samfurinsa ASR daga kasuwa bayan an saka ma mutane kusan 93,000 a duniya, Indiya ma dubbai aka saka ma. Duk wanda aka yi masa aiki a waje a tsakanin shekarun nan ya kamata ya binciki me ke jikinsa. Abinda ya rage na wannan layin shine wanda ba'a yanke kan ƙashin, ana fere shi ne a kifa masa hular ƙarfe, irin wanda aka yi ma ɗan wasan tanis Andy Murray a Janairun 2019 har ya koma wasa. Yana da kyau ga ƙaton namiji matashi mai ƙashi mai ƙwari, amma ba na mace mai shirin haihuwa bane, ba na mai ciwon ƙoda bane tunda ƙoda ce take fitar da ƙarfen, kuma ba na wanda kan ƙashinsa ya riga ya mutu da yawa bane, kaga masu sikila sun fita kenan ta ko'ina.

Siminti ko babu siminti, anan ma mutane suna ruɗewa suna ganin kaman mai siminti tsohon yayi ne. Ba haka bane. Mara siminti ana buga shi ne ya matse cikin ƙashi, jikinsa yana da kaushi, cikin sati shida zuwa wata uku ƙashi ya tsiro ya kama shi, wannan yana son ƙashi mai ƙwari. Tsoho ko tsohuwa da ƙashinsu ya zama kaman rake da aka tsotse, garin bugawa ƙashin yana iya tsagewa, ko ya karye daga baya a gefen ƙarfen. Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya aka fitar a 2022 kan tsofaffi masu karayar ƙugu ya samu karaya a gefen ƙarfe kashi 2.1 cikin 100 ga marasa siminti, masu siminti kuwa kashi 0.5. Shi siminti haɗarinsa a cikin tiyata yake, lokacin da ake danna shi jini yana iya faɗuwa farat ɗaya musamman ga mai ciwon zuciya ko huhu, mai bada maganin barci ya san da wannan kuma yana shiri. Ga masu sikila yawanci mara siminti ake zaɓa sabida matasa ne, amma ɓargonsu yakan toshe ya yi tauri a wasu wuraren ya yi laushi a wasu, garin buɗe hanya ana iya huda ƙashin, shi yasa nake cewa mai sikila ya nemi likitan da ya saba da masu sikila, ba wanda ya saba da tsofaffin turawa kawai ba.

Ga wanda ya karye kaman Baffa akwai wani zaɓin kuma, rabin aiki ko cikakke. Rabin aiki, hemi suke ce masa, ƙwallo da sanda kawai ake sakawa a bar masa kofinsa na halitta, ƙwallon babba ne daidai girman nasa, aikin gajere ne jini kaɗan. Wani bincike na ƙasashe da yawa da aka buga a 2019 kan mutum 1,495 ya kwatanta su, cikin shekara biyu komawa tiyata kusan ɗaya ne, kashi 7.9 ga cikakke da 8.3 ga rabi, amma gocewa 4.7 ce a cikakke, 2.4 a rabi. Cikakken yana da amfani ga wanda yake da ƙarfinsa yana fita kasuwa yana zuwa gona kuma ana sa ran shekaru masu yawa a gaba, dan ƙwallon ƙarfe yana iya cin guringuntsin kofin halitta a hankali. Mu a lokacin mun ɗauka rabin aiki rowa ce, muka ce ayi ma Baffa cikakke tunda an haɗa kuɗin. Yau da za'a dawo dani baya, ko dai rabi mai siminti, ko cikakke mai motsi biyu.

Sai ta inda za'a yanka. Ta baya ita tafi yawa a duniya, likita yana ganin komai sarai, baya taɓa tsokar da take hana ɗingishi, amma tana ratsa bangon baya wanda shine yake tare ƙwallo idan ka tsuguna, a da ita tafi yawan gocewa, yanzu da ake ɗinke jakar gaɓar da ƙananan tsokoki a mayar dasu bambancin ya ragu sosai. Ta gefe gocewarta kaɗan ce ƙwarai amma ana ɗaga wani ɓangare na tsokar ɗuwawu, wasu suna saura da ɗingishi ko ciwon gefe. Ta gaba ita ake ta talla yanzu, ana bi tsakanin tsokoki ba'a yanka su, mutum yana saurin miƙewa a makonnin farko kuma bangon baya yana nan lafiya, wanda ga mai zaman ƙasa abin so ne, sai dai tana yawan barin gefen cinya babu ji sabida wata 'yar jijiya da take wucewa wurin, ga mai tumbi ciwon yana cikin lanƙwasar fata yana wuyar warkewa, kuma a hannun wanda bai ƙware ba ƙashin cinya yana karyewa. Bayan wata shida zuwa shekara duk ukun kusan ɗaya suke. Kar ka matsa ma likitan da yayi ɗari biyar ta baya ya yi maka ta gaba dan ka gani a YouTube, kai zaka zama abin koyonsa.

Domin gaskiyar magana duk abubuwan nan da na lissafa, hannun da ya kafa kofin ya fi su. Tun 1978 wani mai suna Lewinnek ya bada ma'auni, kofi ya karkata digiri 40 ya fuskanci gaba digiri 15, da rangwamen 10 kowane gefe, amma a 2016 asibitin Mayo na Amurka suka duba waɗanda nasu ya goce suka samu kashi 58 cikin 100 kofinsu yana cikin wannan ma'aunin daidai. Wato lamba kaɗai bata isa ba, akwai tsawon ƙafa, akwai yanda tsoka ta ɗame, akwai bayan mutum, abubuwan da sai wanda yake yin aikin kullum yake ji a hannunsa. Ka tambayi likita kai tsaye cikin ladabi, ranka ya daɗe guda nawa kake yi a shekara, kuma in ya goce ko ya ruɓe wa zai gyara.

Gocewa tana da ban tsoro amma ba ita ce mafi muni ba, shigar ƙwayoyin cuta ce. Kusan mutum 1 cikin 100 take samu, ga masu sikila da masu suga da masu shan sigari tafi haka. Ƙwayoyin suna manne ma ƙarfe su yi masa wata yauƙi da maganin sha baya ratsawa, in an kama da wuri cikin makonnin farko ana buɗewa a wanke a canja ƙwallo da shimfiɗa, in ta daɗe sai an cire komai a saka na wucin gadi mai magani ayi makonni ana allura sannan a sake sabon aiki, kuɗi ninki biyu ko uku. Ciwon da yake ta tsattsafo da ruwa bayan sati ɗaya, zazzaɓi, zafi da ja a wurin, kar a je kemis a sayo kafso, shan maganin nan kafin a ɗebi ruwan gaɓar yana ɓoye ƙwayar a rasa gane ta. Kafin aiki a gyara ruɓaɓɓen haƙori, a warkar da gyambon ƙafa, a sauke suga. Sai daskarewar jini a jijiyar ƙafa wadda take iya tafiya huhu, ana bada maganin tsinka jini na kusan wata guda kuma ana tada mutum ya taka tun washegari. Sai bambancin tsawon ƙafa, wani lokacin da gangan likita yake ɗan ƙara tsawon dan tsoka ta ɗame kar ya goce, in bai kai santimita ɗaya ba yawanci jiki yana sabawa. Ƙanwata kuma sai da aka ƙara mata jini kafin aiki, aka kula da ruwa da iskar oksijin da ɗumin jikinta, dan abinda ake tsoro ga mai sikila shine ciwon ya tashi a ƙirji bayan tiyata, asibitin da babu likitan jini ba wurin zuwanta bane. Kuma tunda na taɓo mutuwar kan ƙashi, 'yan uwana mata masu shan ƙwayar deksa dan ƙiba, wallahi tana cikin abubuwan da suke kashe kan ƙashin nan, ku bari.

Gida ko waje, Indiya ko Masar ko nan. Ana yin aikin nan a Najeriya, asibitin ƙashi na Dala a Kano yana yi, na Igbobi a Legas da na Enugu ma haka, da asibitocin koyarwa da dama. Waje yana da yawan zaɓin kaya, amma ka tuna gocewa a wata ukun farko take zuwa, lokacin kai ka dawo gida, wanda ya maka aikin yana bayan teku, ga doguwar tafiyar jirgi da ƙafa sabuwar yanka wadda take ƙara haɗarin daskarewar jini. In zaka fita, tun kafin ka tafi ka samu likitan ƙashi a gida da ya yarda zai ci gaba da dubaka, kuma ka zaɓi samfurin da ake samun kayan gyaransa a nan, dan ƙwallon wani kamfani baya hawa sandar wani. Kuma matashi ya sani zai iya buƙatar gyara wata rana, alƙaluman da mujallar Lancet ta tattara a 2019 sun nuna kusan kashi 89 cikin 100 suna kai shekara 15, kashi 70 shekara 20, kashi 58 shekara 25, ko da yake da yawansu da tsohuwar roba aka yi su.

Maganar sallah da banɗaki ita ce tamu, kuma ita ce ba'a rubuta a takardun turawa ba. Sujada da zaman tahiya da tsugunno duk suna lanƙwasa ƙugu fiye da digiri 90 da ake cewa kar a wuce a sati shida zuwa sha biyun farko. Addini ya riga ya sauƙaƙa, hadisin Imrana ɗan Husaini yana nan a Bukhari, kayi sallah a tsaye, in baka iya ba a zaune, in baka iya ba a kan gefenka. Kujera mai tsawo wadda gwiwa bata wuce ƙugu ba, gado ba katifar ƙasa ba, masai na zama ko kujerar da aka huda aka ɗora kan na tsugunno, alwala a tsaye ko wani ya zuba maka ruwa a ƙafa, filo tsakanin cinyoyi in za'a kwanta, babu hawa acaɓa. Mutane da yawa suna komawa sujada a ƙasa bayan watanni, ƙanwata ta koma a wata na biyar da izinin likitanta kuma mai gashin ƙashi ya nuna mata yanda zata sauka da gwiwoyi a buɗe, Baffa kuwa tunda nasa ya taɓa fita a kujera yake sallah har yau. Ka faɗa ma likitan tun kafin aiki cewa kai mai zaman ƙasa ne, dan wannan yana iya canja girman ƙwallon da zai zaɓa da ta inda zai yanka.

In ka matsa min in zaɓa, ga matashi mai sikila ko wanda kan ƙashinsa ya mutu, mara siminti, ƙwallon tangaran 32 ko 36 a kan sabuwar roba mai tauri. Ga mai shekara sittin da wani abu mai amosanin gaɓa kuma bayansa lafiya, ƙarfe ko tangaran a kan wannan robar duk ɗaya ne, kar ya sayar da gona dan bambancin. Ga tsoho mai karaya, sanda mai siminti, rabin aiki in dama baya fita sosai, mai motsi biyu in yana da ƙarfinsa.

In kuma ya goce, kar a ja ƙafar, kar a kira mai ɗori, dan shi ƙashi ya sani bai san akwai sanda cikin ɓargo ba, jan da zai yi yana iya karya cinyar a gefen ƙarfe. A kwantar da mutum yanda ya fi jin sauƙi, kar a bashi abinci ko ruwa sabida maganin barci, a tafi asibitin da ke da likitan ƙashi da na'urar hoto. Baffa an sa shi barci an mayar cikin 'yan mintuna ba tare da yanka ba, kuma kusan biyu cikin uku na waɗanda aka mayar musu haka basa sake gocewa, wanda ya maimaita sau biyu sau uku shine ake maganar sake buɗewa. Ranar sallama ka karɓi takardar da aka manna sitikun kayan da aka saka, sunan kamfani da girman ƙwallo da kofi duk suna jiki, ka ɗauki hotonta a waya ka tura ma mutum biyu a gida, ranar da muka kai Baffa da asubar nan ita likitan ya fara tambaya kuma bamu da ita.